Manjo Ɗalha, Wanda Bai Yarda da "Da Sauƙi" Ba

Da an sallame sallar asuba, Manjo Ɗalha ba ya tsayawa hirar ƙofar masallaci. Carbi yake sakawa a aljihu ya kama hanyar gidan likita, ɗan ginin nan mai ɗaki biyu da ke ƙarƙashin gawo a gabashin garinmu, nan ƙasar Dungas. Farkon abin da yake yi shi ne ya shafa kowace allura a kan auduga. Wadda ta kama zare, bakinta ya lanƙwashe ke nan, sai ya wasa ta a dutse. Sannan ya kunna risho, ya zuba alluran da sirinjin gilas guda huɗu cikin tukunya, ya dubi agogo. Minti ashirin suke tafasa, ba sha tara ba. Na taɓa ce masa ai ruwan da ya tafasa ya tafasa. Ya ce, "Maiwada, kai da ka yi shekaru kana awon gyaɗa, ka taɓa yarda kilo ya rage kaɗan?" Ni kuwa na sha yarda.

Suna tafasa yana durƙusawa ya leƙa wutar firjin kananzir inda maganin rigakafi yake. In harshen wutar shuɗi ne, ya miƙe lafiya. In ja ne, ranar babu mai jin daɗinsa sai ya gyara lagwani. Daga nan ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya fito wajen masu jira. Ba ya buɗe ƙofa ya ce na farko ya shigo. Zagaya su yake yi yana gaisuwa, yana kallo. Yaron da ke tsala ihu yakan ce masa, "Kai kana da ƙarfi, jira." Wanda ya yi lamo a bayan uwa, ko ƙuda bai kora ba, shi ne na farko, ko da uwarsa ce ta zo ƙarshe. An sha yi masa ƙorafi a kan haka. Wani mai rawani ya taɓa tuna masa cewa tun da sanyin safiya yake zaune. Manjo ya ce, "Ranka ya daɗe, mai iya faɗa irin wannan zai kai azahar."

Shekara goma sha ɗaya haka yake yi a garin nan. Ta ƙare ranar Litinin da ta wuce, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na je bencin da na saba zama a ƙofar gidan likita, na tashi. Na koma gida, uwargidana Hinda ta ce in fita ina tsare mata hanya. Shi ya sa na ɗauki biro. Wanda bai san ni ba, ni ne mai awon gyaɗa na koperatif, ƙungiyar manoma, a ƙasar da gyaɗa ta yi fushi ta daina zuwa. Aikina tun shekara biyu shi ne zama da kallo, kuma abin da na gani ne zan faɗa.

Manjo ba sunansa ba ne, haka muke kiran babban ma'aikacin jinya mai riƙe da gidan likita. Shi ba lokotoro ba ne, wato cikakken likita, kuma shi ne na farkon gaya maka. Amma a garin da lokotoro mafi kusa yake Magariya, Manjo shi ne mai duba ciki, shi ne mai ɗinke sara, shi ne mai awon jarirai, shi ne mai zuwa bakin rijiya ya yi rigima a kan wasaki da ake yarwa cikin taɓo.

Ku tambayi Tabawa ungozoma. Ta girme shi nesa, kuma ta karɓi haihuwar rabin garin nan tun shi yana ɗan makaranta a lakwal. Da ya zo ya ga jarirai suna sandarewa kafin suna, bai je ya ce mata aikinta ne ke kashe su ba. Ya je ya durƙusa ya ce ta koya masa yadda take gane kwanciyar ɗa a ciki. Ta koya masa. Sai da suka yi wata guda a haka ya kawo mata sabuwar reza da zare dafaffe, ya roƙe ta ta gwada a cibiya goma kawai. Tabawa takan ce, "Ɗan banzan nan da ladabi ya ƙwace mini tsohuwar askata." Yau ungozoma bakwai na ƙauyukan da ke kewaye suna da ɗan akwatinsu, kuma kowace ta san alamun da in ta gani za ta daina jira ta nemi amalanke.

Ku tambayi waɗanda suka ga shekarun fari, lokacin da mutanen arewa suka sauka a bayan gari da ƴaƴa kamar karan dawa. Magani bai da yawa a ɗakinsa. Ya kafa tukunya a gindin gawo yana nuna wa mata yadda za a dama kunu da ɗan garin wake da ƙuliƙuli, yana ɗanɗanawa a gabansu, namiji da gemunsa, ana yi masa dariya. Ya bari aka yi dariyar har ta ƙare, matan suka ci gaba da damawa.

Ni kuma ku tambaye ni zancen allura. Mu mutanen nan in ba a soka mana ƙarfe ba, ba a yi mana magani ba. Na je masa da ciwon baya, da kasala, da wani abu mai yawo daga kafaɗa zuwa ƙafa wanda har yau babu sunansa. Ya saurare ni tsaf, ya ƙwanƙwasa ni kamar kankana, ya ce in rage goro in riƙa tafiya gona. Sau ɗaya tak ya yi mini allura, ranar da garma ta sare ni, kuma ko ranar bai nuna farin ciki ba. Ƙin nan nasa ba rowa ba ce. Ya ga abin da masu allurar kasuwa suke yi, waɗanda ke tsallako iyaka da jaka, su soka wa mutum goma allura ɗaya a bayan rumfar mahauta. Ƙuraje nawa ya tsaga a ɗuwawun manyan garin nan, shi da Allah suka sani, don ba ya faɗa. Da ƙyar ya janye mutane daga hannunsu, gida-gida, shekara da shekaru.

To, a farkon bana, 1977, takarda ta zo: shekara talatin da ɗaya sun cika, Manjo zai ajiye aiki. Aka aiko wanda zai gaje shi, Malam Muttaƙa, ɗan birnin Damagaram, da diplom sabo, takardar gama karatu, daga Yamai, aka ce su yi wata uku tare. Daga ranar Manjo ya rasa sukuni. Ba tafiyar ce ta dame shi ba. Ya lura cewa duk ranar da Muttaƙa ke zaune a kujera, masu jira sai su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa kuma an ga mai jakar allura ya dawo bayan rumfar mahauta. Manjo ya ce mini, "In na tafi suka daina zuwa, to shekara goma sha ɗaya tafasa ruwa kawai na yi."

Muttaƙa ba rago ba ne, kuma ba jahili ba. Ya fi Manjo sanin sababbin magunguna, Manjo da bakinsa ya faɗa. Hannunsa a ɗinki ya fi na tela. Abin da ya rasa kunne ne. Hausa yake ji sarai, amma shekarun lakwal sun koya masa cewa abin da mutum ya faɗa shi yake nufi. Mu kuwa ba haka muke ba. Mutumin nan zai zo a ɗauke, idonsa ya juye, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Kowa da sauƙi. Manjo bai taɓa karɓar wannan kalma a matsayin amsa ba. Gaisuwa ya ɗauke ta, ya ce madalla, sannan ya fara tambaya.

Saura wata ɗaya, Manjo ya yanke shawarar da ta fi yi masa wuya. Ya tuɓe farar riga, ya ce ba zai ƙara shiga ɗakin duba marasa lafiya ba, don muddin yana ciki babu mai kallon yaron mutane. Ya dawo benci kusa da ni. Ban taɓa zama da mugun abokin zama irinsa ba. Ƙafarsa tana rawa, kunnensa yana taga, ka yi masa magana ya ce "uhm" a inda ba a cewa uhm.

A cikin wannan watan ne ƴata Fadi ta zo daga ƙauyen mijinta, can wajen Yekuwa, da ɗanta Tamu a baya. Fadi ta uku ce a wurina, shi ya sa nake iya rubuta sunanta ba kunya. Tamu kuwa ɗan farinta ne, watansa goma sha huɗu. Na gan shi da suka iso, na ce yaya jikin abokina, aka ce da sauƙi, ni ma na ce da sauƙi, na ci tuwona. Washegari da hantsi Hinda, wadda ta kwana tana jin labarin ciwon a bakin Fadi, ta rako su gidan likita. Muttaƙa ya kafa doka, mai kyau a takarda: mutum ɗaya ke shiga da mara lafiya. Hinda ta tsaya waje, Fadi ta shiga. Mu muna benci ƙarƙashin taga, muna jin komai.

"Me ke damun yaron?"

"Ɗan zazzaɓi ne."

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu."

"Yana cin abinci?"

"Yana taɓawa."

"Yau yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Sunansa?"

Shiru.

"Baiwar Allah, na ce sunansa. Ba ɗanki ba ne?"

Shiru. Na leƙa, fuskarta na kallon bango kamar yaron na maƙwabta ne aka ba ta aro. Ni na jefa masa sunan ta taga. Mutum arba'in na jira cikin zafin bazara. Muttaƙa ya taɓa goshin yaron yana goye, ya rubuta a karne, katin mara lafiya, ya ba da nibakin, ƙwayar zazzaɓi, ya ce in bai sauka ba nan da kwana uku a dawo.

Da suka fito suka wuce ta gabanmu, ƙafar Tamu na reto ƙarƙashin zane. Ni ƙafar jikana kawai na gani, har ma na ga ta yi ɓulɓul na ji daɗi. Manjo ya miƙe. Ya zauna. Ya sake miƙewa, goron hannunsa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Na ga bakinsa ya buɗe zai kira Fadi, ya rufe. Da ya kira ta a gaban mutum arba'in ɗin nan, da yaron ya tsira, Muttaƙa kuma ya gama aiki a garin nan. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Malam Muttaƙa! Don Allah taimaka mini da wutar firjin nan, idona ba ya ganinta."

Suka shiga ɗakin baya. Na bi su, tun da babu wanda ya tuna ya hana ni.

"Ɗana, kwana nawa ta ce maka?"

"Biyu, Baba Manjo."

"Rabonka da mahaifiyarka a Damagaram fa?"

"Wata huɗu."

"In ka shiga gida yau, me za ta ce maka?"

Muttaƙa ya buɗe baki, ya tsaya. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Kwana biyu."

"To. Kada ka ƙara tambayar mutumin ƙauye kwana. Ka ce kasuwa nawa ta ci tun da ya kwanta, ba sa mance kasuwa. Kuma ba uwar za ka tambaya ba. Ɗan fari ne, a gaban mutane ba za ta nuna ta san yana numfashi ba, ko da cikinta na ci da wuta. Kira kakar. Sannan ka sauke shi daga goyo ka tuɓe shi. Yaron da ba ka gani tsirara ba, ba ka gan shi ba. Ka fara da ƙafa."

"Baba, ka zo ka duba shi da kanka."

"Ni firji nake dubawa. Yi sauri, sun kusa rijiya."

Ya durƙusa gaban firjin, wutar tana ci shuɗi shar. 

Muttaƙa ya fita da gudu, farar riga na tashi, ya bar takalmi ɗaya a ƙofa. A bakin rijiya ya cim musu, gaban mata masu ɗiban ruwa. Ya dawo da su, ya ce, "Inna, ke ma shigo." Bai gama tambaya ba Hinda ta ɓalle.

"Kasuwa uku, ɗan nan! Ta huɗu jibi. Tun da ƙyanda ta sake shi mijin nan nawa bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba. Zawo ba dare ba rana, tari kamar tsohon mai taba. Kunu ma in na kai bakinsa sai ya juya mini ƙeya, wai shi ya yi sabuwar amarya."

Aka kwance goyo. Abin da na ɗauka ƙiba ashe kumburi ne. Ya danna yatsa a ƙafar, ramin ya zauna. Haƙarƙarin yana shiga yana fita kamar zugazugi. Muttaƙa ya ɗora agogo ya ƙirga numfashi, ya duba ido da baki, ya saurari ƙirji. A nan karatunsa ya fito, babu kame-kame. Ya yi masa allurar fenisilin, ya haɗa ruwa da sukari da ɗan gishiri ya nuna wa Hinda yadda za ta riƙa ba shi cokali-cokali a hanya, ya rubuta takarda, ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin ɗakin nan. Magariya, yau, ba gobe ba."

Aka ɗaura shanu, amalanke zai kai su Dungas su nemi mota. Fadi ta hau. Sai da aka fara tafiya ta sunkuyo ta ce, "Baba, ku yi masa addu'a." Masa. Wata goma sha huɗu, ranar na fara jin ta ambace shi. Kwana goma sha biyu suka yi, kwana na gaskiya masu ƙirguwa, kuma ban zauna ba a cikinsu. Tamu ya dawo ƙashi da fata, amma da hannunsa ya fizge mini hula.

Labari ya riga su dawowa. Matan rijiya suka baza cewa sabon likitan nan mutum ne, da ƙafa ɗaya ba takalmi ya bi yaro. Layi ya fara tsawo. Manjo ya sa na rantse ba zan faɗi zancen firji ba, kuma na riƙe, abin da ya ba iyalina mamaki. Muttaƙa ne ya warware ni. Ranar Juma'ar ƙarshe, bayan an sauko, aka tsaya yi wa Manjo addu'ar sallama. Sai ga Muttaƙa ya miƙe ya faɗi komai da bakinsa, har da kwana biyun mahaifiyarsa. Masallaci ya ɗauki dariya. Manjo ya sunkuyar da kai, na ji yana cewa, "Ya ɓata, wallahi yaron nan ya ɓata." Yana ganin aikin wata guda ya zube ke nan.

Manjo Ɗalha, mai kunnen da ke jin abin da ba a faɗa ba, bari in juyo gare ka, tun da yanzu kana nesa ba za ka iya katse ni ba. Kai ne ka san cewa aikin jinya a ƙauye ba ya farawa da magani, da gaisuwa yake farawa. Kai ne ka koyi sunayen da muke ba ciwo da sunayen da muke ɓoye shi a ciki, ba ka taɓa yi mana dariya ba sai mun warke. Kai ne ka san iyakarka, ka ce "ya fi ƙarfina" tun da sauran lokacin tafiya, ba bayan an makara ba. Kuma kai ne ka tsaya a ɗakin baya, ka bar wani ya ɗauki yabon. Waɗancan ana koyar da wasunsu a Yamai. Na ƙarshen ban san inda ka koya ba.

Ku samarin da ke karatun jinya, da ku da za a turo ƙauyuka irin namu, ku zo da karatunku duka, muna buƙatarsa. Amma ku tambayi tsohuwar da aka bari a waje. Ku kwance goyo. In kun yi kuskure ku bi shi da gudu. Mu kuma mutanen gari, mu taimaki bayin Allahn nan da ƴar gaskiya. Ba rashin tawakkali ba ne mutum ya ce jikinsa babu daɗi.

Ranar Litinin aka ɗora kayanka: akwati biyu, tabarma, buta, da keken da ya fi ni shekaru. Litinin ranar awon jarirai ce. Ka riga ka aika gida-gida cewa duk macen da ta bar awo ta zo rakiya ba ka yafe ba. Maza suka raka ka bakin gari suka juya gona. Ni na zarce, tun da babu gonar da ke kukan rashina. Da muka hau tudun nan da ake hango gawo, ka ce wa mai amalanke ya tsaya. Ka juya, ka kare rana da hannu, ka daɗe.

"Maiwada, idona ba ya kaiwa. Wannan karon da gaske nake. Akwai mutane?"

"Akwai."

"Kada ka yi mini da sauƙi. Ƙirga."

Na ƙirga sau biyu, don ka san ni da awo. Mata ashirin da shida da goyo, ga Tabawa a gaba da sandarta tana tsara su, ita da ta ce bayan Juma'a wanda ya iya faɗin kuskurensa a masallaci ba zai ɓoye mata komai a ɗaki ba. Ga wata farar riga tana zagaya su tun ba a buɗe ƙofa ba, tana tsayawa, tana sunkuyawa.

"Ashirin da shida. Yana zagayawa."

"A wa ya tsaya?"

"Wata can ƙarshen layi. Ya sa ta sauke yaron."

Ka sauke hannunka. Ka gyara zama a kan akwati, karon farko cikin wata guda da na ga ƙafarka ta daina rawa.

"To," ka ce wa mai amalanke, "kora shanun."

Mun gode, Manjo. Allah ya ba ka hutun da ba ka iya ba.